Ba Da Hannuna Za a Kwashe Littattafan Nan Ba

Mai girma shugaban taro, 'yan kwamitin wannan ɗakin karatu, malamanmu, iyayena maza da mata, da ku masu zuwa karatu kullum, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana, ina kuma godiya ga bawan Allahn da ya ba mu kyautar na'urorin karatu. Amma an ce in sa albarka a kan shawarar kwashe littattafanmu a zuba a sito, a bar wa na'urori zauren. Shekara ashirin da biyu ina kula da ɗakin nan, kuma ba zan sa wannan albarka ba.

Dalilina na farko, yayana ne, Allah ya jiƙansa. Ya tara littattafai fiye da ɗari uku a cikin na'urarsa, yana yi mini dariya yana cewa, “Ƙanwata, ke kina share ƙura, ni ɗakin karatuna yana aljihu.” Da ya rasu, 'ya'yansa suka ɗauko na'urar, ta nemi lambar sirri. Ba wanda ya sani. Muka gwada ranar haihuwarsa, muka gwada sunan matarsa, har ta kulle gaba ɗaya. A gidan kuma akwai littattafan mahaifinmu goma sha ɗaya, bangonsu ya yage, rubutunsa na gefen shafi yana nan. Su ne jikokin mahaifin namu suke karantawa yau.

Na biyu, ku dubi teburin can na bakin taga. Nan mai gyaran keken ɗinki yake zama duk Asabar, ya baje littattafai uku a lokaci guda, yatsa a kan wannan zane, ido a kan wancan. Na miƙa masa na'ura ya gwada, ya juya ta, ya mayar mini. Ya ce, “Malama, ina neman shafi, shafin yana gudu.” Wa zai ce wa wannan dattijo ya koma gida?

Shugaban kwamiti ya ce mini zamani ya canza. Na yarda, ranka ya daɗe. A kawo na'urorin, zan share musu tebur, zan koya wa mai so. Amma kantar littattafai ko ɗaya ba za ta fita da hannuna ba. In an dage, ga makulli, ga takardar ajiye aikina, na rubuta ta tun jiya. Wanda zai kwashe ya zo da kansa, da rana tsaka, ya karɓi littafi daga hannun mai karantawa.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya shiryi shugabanninmu ga abin da ya fi alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.