Wuƙar Gyaran Kifi

Da hantsi, ana yayyafi, Ketil yana jiran kwalekwale kusa da wata tsohuwa mai sayar da kifi.

"Iya, wai wanda ya mutu a shimfiɗa, ba makami a hannu, ba ya shiga zauren jarumai na Odin, ubangijin yaƙi, a lahira?"

"Haka maza ke cewa. Wa ke kwance?"

"Babana. Bai taɓa riƙe takobi ba, amma kifinsa ƙauyenmu ya ci shekarar yunwa. Wannan ba jarumta ba ce?"

"Oho, ɗan nan. Mijina ya kashe mutane, ko itace bai taɓa samo min ba. Wai yana can."

Kwalekwale ya iso. Tsohuwar ta goge wuƙarta, ta maƙala wa Ketil a ɗamara.

"Damƙa wa babanka. Ba a ce wane irin makami ba."

Ya ruga cikin kwalekwalen, bai waiwayo ba.