Tsamiyar Gonarmu da Ƙyallen Tailan

Salamu alaikum mai gabatarwa, daga Sabon Birni. Ina jinjina wa gwanayen gatarin garinmu. Sun share daji tas, rana ta samu wurin zama.

Bara na tafi ƙasar Tailan saro kaya, abokin cinikina ya kai ni tsohon gidan ibadar mabiya Buddha cikin kurmi. Na ga manyan itatuwa ɗaure da ƙyalle ruwan goro. Na tambaya, ya ce wanda aka ɗaura wa, ba mai sare shi.

Na dawo na iske fari, ƙanena Ila na wasa gatari don ya sare tsamiyar gonarmu ya sayar, ita kaɗai ta rage. Na hana, ya ce, "Yaya, inuwa za mu ci?"

Jama'a, mu da ba mu ɗaurin ƙyalle, mi za ni ɗaura mata?