Jan-Baki a Ƙofar Ɗakin Ƙarin Jini

A ɗakin jiran asibitin yara, wata uwa riƙe da ƙaramin madubi tana shafa jan-baki. Dattijuwar da ke gefenta ta kasa haƙuri.

"'Yar nan, ba ɗanki ake ƙara wa jini ba? Kwalliya kike yi? Ko kunya!"

Uwar ta juyo a fusace.

"Mama, shekara tara ina kuka, bai rage masa ciwo ba. Fuskata yake fara dubawa kafin ta likita. Ranar da na shiga ba kwalliya, cewa ya yi, 'Umma, mutuwa zan yi?' Ke za ki ba shi amsa?"

Dattijuwar ta dubi fuskarta. Can ta miƙo hannu.

"Kawo madubin in riƙe miki. Hannunki na rawa, har kin shafa a haɓa."