Mai kifi ta fito da Inna rana

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Rukayya ce daga Zongo, bana na gama jami'a.

Innata na da ciwon suga, ƙafafunta na zugi kamar ana soka allura. Tun da ta shiga takabar Baba ta daina fita. Likita ya auna jininta, ya ce bitamin D ya yi ƙasa, ta riƙa shan hantsi. Na roƙe ta, ta ƙi.

Sai maƙwabciyarmu Afi mai kifi ta leƙo: "Hajiya, taso! Ko kifina ina shanyawa, balle ke." Inna ta yi dariya, ta fito.

Yau sati uku ke nan kullum tana shan hantsi. Ban ce ta warke ba, tana shan maganinta, amma jiya ta taka har kasuwa. Likitoci masu sauraro, ranar ce ta taimaka mata ko dariyar? A gaishe min da Afi, Allah ya biya ta.