Angona Ya Manta Waƙar Daka

Sallama mai gabatar da shirin rediyo, ɗana. Tsohuwa ce daga Hamdara. Ga kacici-kacici, ku cinta: wace tukunya ake ginawa shekara ashirin da ɗoriya, in ruwa ya taɓa ta tana ɗanya sai ta karkace?

Jikana Sani, angona, yakan rera mini waƙoƙin dakan uwata a gindin tsamiya, in lumshe ido in ga gidanmu na dā. Ya tafi lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, abokai suka koya masa giya. Da ya zo hutu na ce, "Ango, ja mana waƙar." Ya fara, sai ya tsaya a tsakiya ya ce, "Kaka, ta ɓace mini." Na ce to zan sake miji. Bai yi dariya ba.

Da muka je asibiti, likita ya ce da sauran gyara in ya daina sha. Yaya zan raba shi da kwalba?

Tukunyar da na faɗa, ƙwaƙwalwar matashi ce, ruwan kuwa giya.