Ɗalibin Malam Kadiri

A tashar motocin haya na trotro ta Nima, wani saurayi ya rusuna wa wani dattijo.

"Baba, ina ne gidan Malam Kadiri?"

"Lafiya dai?"

"Jami'a ce za ta ɗauke mini shekara guda ta Larabci, in malamina ya shaida na yi karatu a wurinsa."

"To, ka yi ɗin?"

"Shekara uku cur!"

"Amma ba ka san ƙofar gidansa ba?"

"Unguwar ce ta canja. Baba, tambayar ta yi yawa fa. 'Yan jami'ar ne suka turo ka?"

"Wa zai turo ni? Yaya kamannin malamin naka?"

"Dogo ne, fari. Yana ji da ni ƙwarai."

"Ikon Allah! Gajere ne baƙi, ɗana, kuma yau ya fara ganinka. Matsa in shiga mota."