Kalmar da Na Juya wa Baba

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, barkanka da aiki, kai da masu sauraro. Ni 'yar lakwal ce, wato 'yar makaranta, daga Bande. Don Allah a sakaya sunana.

Duk Lahadi muna kallon wasan 'yan sanda a tele, ni ke fassara wa Baba Faransancin. Su uku ne: Kwamanda mai zafin rai, wani dogo mai barkwanci, da wata mace mai shiru, wadda kullum ita ke gano ɓarawon, amma ba a gode mata.

Ran nan Kwamanda ya daka mata tsawa, "Ambesil!"

Baba ya ce, "Me ya ce mata?"

Kunya ta hana ni furta "wawuya" a gabansa. Na ce, "Sannu da ƙoƙari."

Ya ce, "Kin ga shugaba na gari!"

Wallahi abin ya ishe ni. Mai zagin mutane ya zama gwaninsa, kalmar kuma ya haddace ta. Alhamis akwai taron iyaye, ya ce da ita zai gode wa direktan makarantarmu.

Malam, ta yaya 'ya za ta gaya wa mahaifinta ta yi masa ƙarya? A taimaka mini da shawara kafin Alhamis.